Yadda Za Ka Noma Barkono a Arlit da Ruwan Alwala

Ni Khalidu, ko albasa aka yanka a maƙwabta sai na yi hawaye. Hakan bai hana ni zama gwanin barkono a unguwarmu ba, kai ma ba zai hana ka ba. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin mutunci a fada, wato majalisar hira ta unguwa.

1. Fara da cika baki

Kada ka soma da iri, wannan aikin manoma ne. Je fada lokacin shayi, ka jira mai gardama irin Amumun direban kamiyo, babbar motar kaya, ka ce za ka noma barkono a tsakar gidanka. Zai ce, "Haba Khalidu, garin da akuya ma kwali take ci?" Rantse a gaban kowa cewa kafin Sallah sai miyarka ta sa shi kuka. To, ka shuka mutuncinka. Saura barkonon.

2. Sami gona

Yanke kan tsohon bido, jarkar ruwa ke nan, cika shi da ƙasa da kashin awaki. Kada ka tsaya binciken ƙasar. Abin da ke da amfani a cikinta masu haƙar ma'adinai sun daɗe da lodawa a mota.

3. Ruwa

Nan ragwaye ke faɗuwa. Uwargida, irin Zinatu tawa, za ta ce, "Malam, ruwan da na bi layi a kansa za ka ba ciyawa?" Kada ka yi musu. Mai da alwalarka kan bidon. Ba a haifi matar da za ta hana miji ruwan alwala ba. Riƙa sabuntawa ko ba ta karye ba, safe, hantsi, bayan la'asar. Maƙwabta za su fara ce maka ustaz, ka amsa. Ranar da liman ya yi tafiya aka turo ka gaba, ka ce mura kake yi.

4. Haƙuri

Zai yi ganye, ya yi fure, zafin rana ya zubar da furen. Zai sake. Duk wanda ya tambaya, ce masa irin Aljeriya ne, yana da jan aji.

5. Girbi

A kasuwa ake yin sa. Wuce duk rumfar da aka san ka, je can ƙarshe wajen wata mata mai tire, sayi ɗanye jajir. Shigo gida, tsuguna gaban bido, yi bismilla, ka miƙe da shi a hannu. Zinatu za ta ce, "Ikon Allah! Har da leda ya haifa?" Mata ba su san noma ba. Ƙyale ta.

6. Girki

Ce a daka duka a zuba a miya. Kira 'yan fada. Kai ka zama mai hidima, kana kai ruwa kana kawowa, kada cokali ya kusanci bakinka. Amumun zai sauke rawani daga baki, ya ci, gumi ya karyo, hawaye ya biyo. Zai ce, "Wallahi ka yi noma, malam. Na san wannan barkono da kyau." Sauran za su kwashe da dariya. Ka ɗauka shi suke yi wa.

Gargaɗi: marubuci ba shi da hannu a gyambon ciki, basir, fushin uwargida ko limancin dole. Wanda ya bi shawarar nan, shi da Allahnsa. Mai tiren ƙarshen kasuwa kuwa matar Amumun ce.