Fil Ɗin Farfela

"Lafiya lau, lafiya lau, kai bar gaisuwar nan haka, ina farfelar?"

Mai Jirgi ne ya katse gaisuwar tun Bakanike bai gama kafe babur ɗinsa a bakin kogi ba. Taubasai ne, uwar wannan ƙanwar uban wancan ce, tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba a zagi juna ba. To amma yau Mai Jirgi ba ta wasa yake ba, matarsa na kwance cikin jirgin a kan tabarma, naƙuda ta ƙi gaba ta ƙi baya tun safe, ungozoma ta ce sai dai asibitin tsallake, ga kogi ya cika ya tumbatsa, ga farfelar injin jiya ta daki kututture kunne ɗaya ya fita.

"Haka bawa yake gai da ubangidansa?" in ji Bakanike, yana zaro sabuwar farfela daga kwalinta. "Riƙe. Ka cire wayar fulogi?"

"Wane lokaci gare ni!"

"Je ka cire, ka sa giya a firi. Injin nan ya tashi hannuna na ciki, da me zan riƙa marinka?"

Mai Jirgi ya ruga ya cire, ya dawo, suka tsaya cikin ruwa iya gwiwa, gindin injin a ɗage. Bakanike ya kwance tsohuwar, sai ga zaren kamun kifi ya nannaɗe sandar kamar gammo.

"Kalli ƙazanta! Kai injin ne da kai ko gidan gizo-gizo?"

"Ƙazantar daga dangin uwa na gado, ubanka ne babbanmu."

"Ubana da ya ga an haife ka kwana ya yi yana ba uwarka haƙuri."

Ya yanke zaren da wuƙa, ya shafa giris a jikin sandar. Matar ta yi wani irin nishi daga cikin jirgi, ungozoma ta ɗago kai ta ce, "Bayin Allah, ku hanzarta!" Wallahi sai Mai Jirgi ya fizgi farfelar zai zura.

"Tsaya, ɗan ƙwal uba! Wosha mai kaurin nan ita ke fara shiga. Ka zura ba ita, farfela ta ci gindin inji a tsakiyar ruwa, sai ka tuƙa su da wannan ƙaton kunnen naka."

"Kunnena ya fi hancinka, da shi ake shaƙe iskar unguwa."

"Zura a hankali, haƙori ya shiga haƙori. Kar ka buga! Yawwa. Ƙaramar wosha. Noti. Miƙo katakon can."

Ya cusa katakon tsakanin kunnen farfela da jikin inji don kar ta juya, ya sa sifana ya ɗaure, ya leƙa, tsagar notin ba ta zo daidai da hudar sandar ba.

"Sassauta kaɗan mana ta zo daidai!"

"Ba a komawa baya, gaba ake ƙarawa. Kai komai naka sassautawa, shi ya sa wandonka kullum a gwiwa."

Ya ƙara ja kaɗan, huda ta bayyana. Saura fil, ɗan siririn ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ake zurawa ya hana noti kwancewa. Yana bakin Mai Jirgi, ya ciza shi da haƙori tun ɗazu. Matar ta ƙwala kiran sunansa, ya buɗe baki ya ce "Na'am!", fil ya faɗa ruwa, tsulum.

Suka duƙa suna lalube cikin taɓo, ba komai sai duwatsu da ɓawon katantanwa.

"Akwai wani?"

"Shi kenan wanda ya zo cikin kwalin."

"To mu tafi haka, ai ka ɗaure tam."

"Ba inda za ka."

"Matata ce a ciki!"

"Shi ya sa. In ka sa ribas a tsakiyar igiyar ruwan can noti ya warware, farfela ta nutse, ruwa ya yi gangare da ku, wa zai kamo ku? Ni da ko a baho nutsewa nake?"

"Ga ƙusa nan, lanƙwasa mu sa!"

"Wannan mai tsatsar? Ta girmi kakarmu."

Mai Jirgi ya cakumi rigarsa, idonsa jajir. Bakanike ya dube shi, ya dubi jirgin, ya ɓamɓare hannun, ya haura tudu a guje da filaya. Ya durƙusa gaban tayar baya ta babur ɗinsa ya zare fil ɗin da ke riƙe da notinta, ya dawo yana haki.

"Kai da me za ka koma gida?"

"Turawa zan yi, kai kuma ka biya ni da yi min wanki har ka mutu. Riƙe katakon!"

Ya miƙar da fil ɗin, ya zura, ya shiga cif, ya buɗe ƙafafunsa da filaya ya lanƙwasa kowace gefe guda. Ya cire katakon, ya juya farfelar da hannu, ta juya sumul, ya jijjiga ta, ko motsi.

"In kun dawo a sa sabo, wannan aro ne. Mayar da waya, tayar!"

Aka sauke inji cikin ruwa, Mai Jirgi ya ja igiya, ya ƙi, ya sake ja, ya kama da ruri. Ya sa ribas, jirgi ya ja baya, ya sa gaba, ruwa ya tashi fari a bayansu. Farfela na nan daram. Suna shiga igiyar ruwan jirgi ya yi tangal-tangal ya miƙe, Mai Jirgi ya waiwayo ya hango Bakanike tsaye cikin taɓo, ya ɗaga murya.

"Kai mummuna! Na sallama, ka ci! In namiji ne sunanka zan sa masa!"

"Allah ya kiyaye, ya ɗauko kunnenka ya ɓata min suna! In mace ce fa?"

Matar ce ta amsa daga kan tabarma, tana cije baki, tana dariya, tana riƙe da hannun ungozoma.

"Ku sa mata Farfela in kun ga dama, ni dai a kai ni!"