Turakun Filin Tsamiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ceci filin unguwarmu daga hannun Turawa. Wato ranar da na tashi ceton, don abin da ya biyo baya daban ne.

A lokacin ina ɗinki a Batsari, ɗinkin hannu, allura da zare. Bayan gidajenmu akwai wani fili mai tsamiyoyi manya da gawo guda, nan ne rumfata, nan ne majalisarmu. Mata nan suke sussuka, mahauta nan suke shan iska in sun tashi daga fawa. Kowa a unguwar yana ganin filin kamar tsakar gidansa.

To, ni na taɓa zuwa Safana lokacin da ake fitar da hanyar mota, na ga yadda 'yan awo ke aiki. Su kafa turaku a jere, su ɗaura musu jan ƙyalle, bayan 'yan kwanaki sai ka ga an rushe katanga an sare itace. Tun da na dawo nake ba da labarin nan a majalisa, kullum ina ƙara masa gishiri, har na zama malamin unguwa kan sha'anin Turawa. (Ban taɓa yin magana da Bature ko ɗaya ba, amma wannan ban faɗa wa kowa ba.)

Wata safiya, jajibirin kasuwa, na fito da tabarmata sai ga turaku a filinmu. A jere, sambal, kowanne da jan ƙyalle. Na koma gida a guje na jawo babbar rigata. Matata Hansai ta biyo ni tana cewa, "Malam, tsaya mana, dama akwai maganar da..." Na ce, "Ke, gari na shirin tashi kina maganar cefane?" Na fice.

Kafin azahar na tayar da unguwa. Sarkin fawa ya rantse mahauta za a kora bayan gari. Wata tsohuwa, Iya Kande, ta zauna gindin tsamiya tana kuka, wai a nan aka yi mata lalle. Mai unguwa, mutum mai sanyin hali, ya ce, "Mu bincika tukuna, ko?" Na ce, "Baba, kafin mu gama bincike gatari ya gama nasa." Aka yi ta jinjina mini. Da aka ji Di'o, Baturen mulki, na kan rangadi, gobe zai iso daga Safana, sai aka ce ni zan yi magana da yawun unguwa. Har na ɗan yi kamar ba na so.

Washegari a ƙofar hakimi, bayan an gama gaisuwa, aka ba mu dama. Na durƙusa, na ce, "Ranka ya daɗe, Zaki, kuka muka kawo." Daga nan bakina ya buɗe. Na yabi filin nan kamar maroƙi: faɗinsa, inuwarsa, yadda ruwa ba ya kwanciya a cikinsa da damina, yadda yake dab da hanya, dab da kasuwa. Sannan na ɗaga murya na ce duk wanda ya kafa turakun nan ba shi da imani, bai san darajar mutane ba, kuma Allah zai saka mana.

Baturen, wani dogo mai jan wuya, ya dubi hakimi, hakimi ya dube shi. Baturen ya ce da irin Hausarsa ta hanci, "Ni ban sa awo ba. Mu je mu gani."

Na shige gaba, riga na jan ƙasa. Bayana Bature, bayansa hakimi da dogarai, bayansu duk unguwa. Muna karya kwana na miƙa hannu na ce, "Ga su can, Zaki!"

Ga su can kuwa. Kowane turke da jakinsa a ɗaure, suna cin harawa hankali kwance. Taikunan gero jibge gindin gawo. A kan buzu kuma, yana jan carbi, surukina ne, Malam Bawa na Wagini, mahaifin Hansai. Mutumin da ko sunansa ba na iya faɗa, wanda in na hango shi daga nesa nake tuɓe takalmi.

Ashe yayan Hansai ne ya rigo zuwa ya kafa turakun, don tsoho zai kawo hatsi kasuwa da ayarin jakuna. Yayan nata ya kwana a garin, ya ji ana ta hayaniyar turakun Turawa, shi ma ya taya mu baƙin ciki, bai taɓa kawowa nasa ake nufi ba. Jan ƙyallen kuwa, don kada mutane su yi tuntuɓe ne. (Daga kwandon ragowar ɗinkina Hansai ta ɗebo masa. Ni na yanka su da almakashina.)

Sarkin fawa, Allah ya saka mini, bai bar ta ta wuce ba. Ya ce, "Malam Bawa, ashe kai ne marar imanin?" Tsoho ya ce, "Mi ya faru?" Nan take aka maimaita masa jawabina, kalma ba ta faɗi ƙasa ba. Ni dai ina tsugune, takalmi a hannu, ina ƙirga tururuwa. Wani jaki ya zaɓi lokacin ya saki kuka, dogarai suka juya baya kafaɗunsu na rawa.

Surukina bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki, Malam. A yi haƙuri, bari mu kwance su."

Baturen kam bai yi dariya ba. Zagaya filin yake yi, hannu a baya, yana duban hanya, yana duban kasuwa. Ya tsaya kusa da ni ya ce, "Gaskiyarka. Wuri mai kyau. Ruwa ba ya kwanciya, ko?" Na ce, "Ko kaɗan, Zaki." (Har a nan ban rufe baki ba.)

Bayan kaka 'yan awo na gaske suka iso. Aka sare gawon da rabin tsamiyoyin, aka gina rumfar kwano ta sayen gyaɗa. Mata suka koma sussuka bayan gari, majalisa ta watse zuwa zauruka. Iya Kande har ta rasu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Ni kuwa na samu aikin ɗinke bakin buhunan gyaɗa a ƙarƙashin kwanon, cikin zafin da ke gasa ƙwaƙwalwa, duk wanda ya wuce sai ya ce, "Wakilin unguwa, sannu da hutawa."

Tun daga ranar, in mai mulki ya tambaye ni yaya unguwarmu take, cewa nake sauro ya yi mana yawa, ruwa kuma har cikin ɗaki.