Wuƙar da Ta Ƙi Fita Kube

Har yau raina a ɓace yake, domin wuƙar nan ba ta da aibu. Wata uku ina zuwa maƙera a Boɗinga don sha'awa kawai, har na ƙera wa maiɗakina wuƙar girki. Da na zo ɗinka kube, wani baduku ya ce in nemi fatar da aka jeme. Na ce wanda ya lanƙwasa ƙarfe, fata ce za ta gagare shi? Na ɗinka da ɗanyar fata, na zura wuƙa, na shanya.

Ranar Layya a gidan surukaina a Shagari, na hana surukina wasa tasa wuƙar, na ce da tawa za a yanka. Aka kayar da rago, na ja ƙota. Shiru. Ashe fata ta bushe ta damƙe wuƙa gam. Na ja, ƙannen matata suka ja, har rago ya kuɓuce.

Surukina ya dube ni ya ce, "Malam, wuƙag ga ta hi ka kunyar surukai."

Yanzu ko lemo za a yanka a gidan, sai an ce, "A jira Malam shi zare." Wai kuma ni ne ban san wasa ba!