Rasuwar Giwa, Wufar Gidan Tamba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Munzali ɗan Tamba, manomin shinkafa a Argungu, yake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar wufarsa, baƙar akwatin nan mai fitar da gurnanin sauti, wadda mutanen gida ke kira Giwa. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, tana da shekara bakwai, bayan jinyar wata biyu.

Marigayiya ba mai surutu ba ce. Ta bar wa ƙananan sifiku waƙa da hayaniya, ita ta riƙe ƙasan sauti kawai. In ta ce "dummm", kwanonin da Riskuwa matar Munzali ta jera a kabad sai sun amsa. Ba ta taɓa neman komai ba sai wuta, in ma aka ɗauke ba ta ƙorafi.

Sai dai babban alherinta ba ga Munzali ta yi shi ba, ga mahaifinsa ne. Malam Tamba ya yi shekara arba'in yana yi wa masunta kiɗan ganga a cikin kwalekwale, kafin kunnuwansa su mutu murus. Ba ya jin kiran salla, ba ya jin jikokinsa. Amma akwai wani faifai da aka naɗi kiɗansa a bikin wani masunci tun yana da ƙarfi. Kullum bayan la'asar Munzali kan saka masa shi, tsoho ya zauna a tabarma, ya ɗora tafin hannunsa a kan Giwa, ya rufe ido. "Dum, dum-dum, dum." Ta nan kaɗai duniya take shiga jikinsa, kuma a wannan lokacin ne kaɗai ake ganin haƙoransa.

Ciwon ya fara ne a daminar bana, da kogin Rima ya cika ya yi ambaliya. Ruwa bai shiga ɗakin ba, amma danshi ya zauna a bango har sati uku. Daga nan muryar Giwa ta fara dushewa. Munzali ya yi abin da duk mai jinya yake yi. Ya canza waya, ya goge bakin soket. Ya juya ɗan maɓallin baya hagu da dama. Ya kai ta kusurwar gabas, ya dawo da ita ta yamma, har ya yi rarrafe a ɗaki yana neman inda sautin ya fi kauri, Riskuwa na kallonsa tana girgiza kai. Ina! Kullum sai tsoho ya ƙara danna hannu, kamar mai laluben jijiyar mara lafiya.

Wata rana aka bar ta tana kiɗa a tsakiyar ɗaki, Munzali ya tafi fadama. A nan ne tsoho ya ji iska na hura masa ƙafa daga wani rami a bayan akwatin. To, mutumin da ya tsufa a cikin kwalekwale, me ya sani game da rami? Rami yoyo ne, yoyo kuwa toshe shi ake yi. Ya samo tsumma, ya narka kwalta, ya liƙe ramin tsaf yadda ko ɗigon ruwa ba zai wuce ba, ya mayar da ita jikin bango bai nuna wa kowa ba. Wallahi aikin ya yi kyau. Bai san ta wannan ramin take numfashi ba.

Munzali ya dawo ya tarar murya ta ƙara shaƙewa. Bai leƙa baya ba. Ya ga fuskar ubansa, tausayi ya kama shi, sai ya murɗe ƙara har ƙarshe, ya bar ta haka kwana tara. Ranar Talata, ana tsakar kiɗa, ta ce "dum", ta ce "frrr", wari kamar na ƙonannen gashi ya cika ɗakin. Shi ke nan.

Maigandi, mai gyaran rediyo a Birnin Kebbi, shi ya buɗe ta. Ya ce danshi ne ya fara, kuma da an kawo ta da wuri aikin yini ɗaya ne. Toshiyar ta hana ta numfashi, murɗa ƙarar kuma ta ƙone mata zuciya da allon ciki gaba ɗaya. Munzali ya daɗe yana kallon kwaltar nan. Ya gane hannun da ya shafa ta, ya kuma san nasa hannun ne ya ƙarasa.

Ta rasu ta bar sifiku biyar, huɗu a kusurwoyi, ɗaya a ƙarƙashin talabijin, duk masu siririyar murya, ba wanda tsoho ke iya ji a cikinsu. Ta bar amfilifaya mai ƙara musu ƙarfin sauti, da rimot da aka ɗaure da roba. An aro wufar maƙwabci, tsoho ya taɓa ta sau ɗaya ya kau da kai. Munzali ya gwada zama a bayan akwatin Giwa yana buga ta da hannu lokacin da uban ya rufe ido. Amma manomi ne shi, ba makaɗi ba. Bugu na huɗu tsoho ya janye hannunsa, ya ɗora a cinya.

Za a ajiye kayan cikinta a shagon Maigandi. Akwatin kuwa an dawo da ita mazauninta, don har yanzu Malam Tamba yana zama a gefenta in an yi la'asar, yana jiran maganin da ya yi mata ya kama. Za a karɓi gaisuwa a zauren gidan ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ba a buƙatar abinci, ba a buƙatar shawara. Roƙon Munzali ɗaya ne ga masu zuwa: kada wanda ya ambaci rami ko kwalta a gaban tsoho. Kunnensa ne ya mutu, amma yana karanta leɓe.