Ƙafafu Huɗun da Na Sa Aka Yanke

Ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, Asabar ce, ƙarfe takwas saura kwata na safe, a ƙofar gidana da ke Kambarawa. Sunan ɗana na fari ake yi. Akwai liman, maƙwabta, abokan aiki, da kuma surukina, Alhaji Mamman, wanda tun farko bai ɓoye ra'ayinsa kan abin da na saya ba.

Abin kuwa wata tirela ce ta hannu, irin wadda ake ja da mota. A naɗe kamar akwati take, amma in ka juya wani hannu sai rufin ya ɗaga, tamfol ya miƙe, ta zama ɗaki mai gado gaba da baya. Ranar da Alhaji ya fara ganinta, cewa ya yi, "Malam, mai gida a Katsina me zai yi da ɗaki mai taya?"

Wata uku ina gyaranta don in ba shi amsa. Na kai tamfol ɗin Babbar Kasuwa aka yi masa faci, na sauya tayoyi, na shafa giris. Sai wasu ƙarafa huɗu masu tsatsa a kusurwoyinta, da ke karo da ƙasa duk inda titi ya yi tudu. Na kai wa mai walda.

"Yallaɓai, anya banza Bature ya sa su?"

"Yanke kawai," na ce. (Da muryar wanda ya sani na faɗa.)

Ranar suna na kwance ta daga mota, na ɗaga rufin, na shimfiɗa darduma. Na kai Alhaji can gadon baya, wurin girma, aka ajiye masa waina da miyar taushe. Har ya shafa tamfol ɗin ya ce, "Babu laifi." Na ji daɗi.

Abin da ban lissafa ba shi ne gaisuwa. Ba wanda zai ga Alhaji ya ɗaga masa hannu daga nesa. Mutum shida suka cire takalma, suka shiga, suka wuce gadon gaba da ba kowa, suka durƙusa gabansa.

"Barka da arziki, Alhaji. Ina gajiya?"

Bai kai ga amsawa ba. Gaban tirelar ya tashi sama a hankali, bayanta ya dire ƙasa. Masu gaisuwa suka gangara kan Alhaji ɗaya bayan ɗaya, miyar ta biyo su. Ƙarafan nan ashe ƙafafunta ne, su ke riƙe ta in an tsaya.

Ba wanda ya ji rauni. Ba wanda ya yi dariya kuma, wanda ya fi muni. Alhaji ya fito, taushe na ɗiga daga babbar rigarsa, ya dube ni.

"Malam, ba ka ce mana tashi take ba."

Nan liman ya kasa daurewa, ya fashe da dariya, sauran suka bi.

Na koyi cewa in mai walda ya ce "anya", a tsaya a saurare shi. Ranar Litinin ya mayar da ƙafafun. Alhaji kuwa, duk zuwansa gidana tun daga ranar, tabarma yake sa a shimfiɗa masa a ƙasa.