Lauyar Akuyar Manu

"Lafiya ƙalau muka kwana, amarya. Sai yau kika tuna kina da miji a Ƙarfi?"

"Wane miji? Ni dai wani tsoho na gani a kan buzu da haƙora biyu, su ma ba sa ga maciji da juna."

Haka Zakiyya ta gaida kakanta, wato mahaifinmu. Ni Ladidi, goggonta, ina gefe ina tsintar wake a faifai, kuma na san abin da ya kawo ta. Ta gama karatun lauya a Zariya, aka ba ta gurbin ƙaro ilimi kyauta a Afirka ta Kudu, kan haƙƙin ɗan Adam. Ubanta, Yaya Ummaru, ya ce ba inda za ta. Bai ma faɗa mata da bakinsa ba, uwarta ya aika. Zakiyya ce 'yar farinsa, a gidanmu kuwa uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle su zauna su yi shawara. "Yarinyar nan" yake ce mata tun tana goye. Yarinyar da ke tsayawa gaban manyan malamai ta zuba magana, da ta hango hular ubanta sai bakinta ya mutu. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai.

Mutum ɗaya ne take iya faɗa wa magana son ranta, shi ne kuma wanda Yaya ba ya ƙetare maganarsa. Yaya da kansa ya ɗauko ta daga Funtuwa, ya sauke ta ya wuce gona duba masara, bai san ƙarar kansa ya kawo ba.

A gindin mangwaron tsakar gida akwai wata jar akuya ɗaure, tana ta kuka. Zakiyya ta nuna ta da baki.

"Wannan fa, Alhaji? Sadakina ka fara tarawa?"

"Sadakinki? Ke ko kaza an yi miki tsada. Wannan ɓarauniya ce, ta Manu maƙwabcina. Ta shigar mini shanyar wake. Ba mai kwance ta sai ya zo nan ya duƙa."

"Ka ji ta bakin Manu?"

"Wane ta bakinsa? Da wakena a bakinta na kama ta!"

"Ta ina ta shigo?"

"Ta danga."

"Dangar wa?"

"Tawa mana."

"Dangar da na gani a bayan gida ta kwanta kamar mai zazzaɓi?"

"Ba faɗuwa ta yi ba. Hutawa take."

"To wa ya kamata ya tashe ta, kai ko akuya?"

Baba ya juyo wajena. "Ladidi, kina ji? Shekara da shekaru ana kai ta Zariya, muna cewa alƙaliya za a samo mana. Ashe lauyar awaki aka horo."

"Lauyar duk wanda aka ɗaure ba a tambaye shi ba," in ji Zakiyya. "Dubi hantsarta, ta cika tam. 'Ya'yanta na can gida da yunwa. Su waken wa suka ci?"

"Gadon hali za su yi."

"In ana ɗaure jini saboda gadon hali, ai da ni ma ina gindin mangwaron nan, don kai na gado."

Baba ya ƙyalƙyale har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, sai ta gyara zama, muryarta ta sauka.

"Alhaji, muna makaranta an kai mu wani gidan yari. Na ga wani mutum, manomi kamarka. An kama shi a rigimar iyakar gona, ya daɗe a ciki har furfura ta fito masa, ba a taɓa tsayar da shi gaban alƙali ba. Da na tambaye shi me ya faru, kuka ya fashe da shi. Ya ce ni ce ta farko da ta tambaye shi. Karatun da za ni ke nan. In koyo yadda ake fito da irinsu, in dawo in yi aikin a nan."

Na daina tsintar wake. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in tashi in goya ta, da girmanta da komai. Baba ma ya hau shafa gemu, amma tsohon nan ba ya bari a gan shi ya yi laushi.

"In kin tafi wa zai dama mini fura?"

"Yaushe na taɓa dama maka fura?"

"Shi ya sa har yau nake raye."

"Ka kwance akuyar mutane dai, Shitu."

"Kin ji ko, Ladidi? Sunana gatsal! Matan zamani. To kwance ta, kada a kai ni ƙara ƙasar waje."

Na kwance igiyar. Akuya ko waiwaye ba ta yi ba, ta bi ta kan dangar nan mai hutawa ta yi gida.

"Saura ɗaya," in ji Zakiyya. "Ni ma an yanke mini hukunci ba a ji ta bakina ba."

Ba ta rufe baki ba sai ga sallamar Yaya Ummaru. Yana ganinta ya kau da kai, ita kuma ta sunkuyar da nata. Baba ya dube su, ya girgiza kai.

"Ummaru, zauna. Ka ji ta bakin matata kafin ka hana ta tafiya?"

"Baba, ai yarinyar nan..."

"Na san ba ka iya zama da ita, ni na koya maka kunyar. To juya ka kalli mangwaro. Ke kuma da ni za ki yi magana, kuma ki ɗaga murya, kin san mijinki kurma ne. Abin da kunnen wani ya tsinta, ba ruwana."

Yaya ya juya baya, babban mutum da shi, mai rumbunan hatsi a kasuwar Funtuwa. Zakiyya ta fuskanci kakanta ta fara. Ta sake ba da labarin manomin nan. Ta faɗi inda za ta zauna, cikin ɗalibai mata, da masallacin da ke kusa da makarantar. Ta ce ba gudun gida take ba, kuma in babanta bai sa albarka ba, ko jirgin ya zo ƙofar gida ba za ta hau ba.

Yaya ya daɗe yana kallon mangwaron nan. Na ga ya kai hannun riga fuskarsa.

"Baba," ya ce, bai juyo ba, "ka ce mata ta riƙe salla. Allah ya sa albarka."

"Wai ki riƙe salla," in ji Baba da ƙarfi, kamar tana Malumfashi.

Sai ya dafa bango ya miƙe, ya naɗe buzun da yake salla a kai tun muna yara, ya ɗora mata a cinya.

"Ungo. Kin ci shari'a. Amma ki sani ban sake ki ba, aro na ba Afirka ta Kudu."

Zakiyya ta rungume buzun, hawaye na zuba, tana dariya. "Wannan tsohon buzun? Alhaji, ai a filin jirgi za a tsare shi."

"To su tsare mana," in ji Baba, haƙoran nan biyu a waje. "Ai yana da lauya."