Saba'in da Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, a shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki. Lokacin ina ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, shekararmu uku da aure ni da Kabiru, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Sati biyu kafin nan mun je asibiti an ɗebi jininmu, muna jiran sakamako.

Bayan la'asar Kabiru ya shigo da baƙo zaure, na ji yana kiransa Dakta Bala. Na ɗauko musu ruwa, amma da na zo bakin labule sai na tsaya (na yarda, laɓe na yi).

"Kabiru, sai haƙuri," in ji baƙon. "Ba za ta taɓa haihuwa ba. A ƙwayoyin halittarta matsalar take, haka aka haife ta. Kiromosom ɗinta saba'in da bakwai ne maimakon saba'in da takwas, ɗaya daga cikin biyun da ke sa mace ta zama mace babu shi."

"To yanzu ya zan yi da ita?" in ji mijina. "Ga ci kamar gara."

Ci kamar gara! Ni! Na dire jug ɗin a ƙasa, na zari mayafi, na bi ta ƙofar baya. Har na isa gidanmu a Tarauni kuka nake, kwandastan bas ma kasa karɓar kuɗina ya yi.

Inna ta rikice, ta aika aka kira Kawu Sule, yayanta, daga masallaci. Kafin magariba an cika falo, aka tura a zo da Kabiru. Ya shigo a firgice, Dakta Bala na bin sa.

"Kabiru," in ji Kawu, "haihuwa ta Allah ce. Amma ka rasa abin da za ka goranta wa 'yarmu sai abinci?"

"Kawu, wace 'yar?"

Na miƙe ina sheshsheƙa, na maimaita duk abin da na ji, har da lambobin. Dakta Bala ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

"Hajiya, ni fa likitan dabbobi ne. Maganar Zakanya muke."

Zakanya wata karya ce 'yar ƙasar waje, da wani soja maƙwabcinmu ya bar wa Kabiru da aka mayar da su bariki. Tana gadi a wurin da Kabiru yake sayar da katako. Sau uku ana kai ta barbara ba ta ɗauka ba, shi ne aka aika da jininta jami'a.

 Sai ƙanwata Rabi, da ke ajin farko a makarantarmu, ta ce, "Yaya, kiromosom ɗin ɗan Adam ai arba'in da shida ne. Ke kika koya min."

Ni na koya mata, wallahi. Har maki mai kyau na ci a wannan darasin.

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Inna ta ce, "Alhamdulillahi, tashi ki bi mijinki, kin sa na bar tuwo ya ƙone." Ni kuwa duk da kunyar da ta rufe ni, ji na yi kamar an sauke min buhun siminti daga ƙirji. A hanya Kabiru ya zaro takardar asibitinmu daga aljihu. Tun da rana ya karɓo, lafiyarmu ƙalau mu duka biyun, jira yake baƙo ya tafi ya yi min albishir.

Har yau in na ƙara loma a gidan biki, sai wata cikin dangi ta ce, "A ƙaro wa Zakanya." Tun daga ranar na gane, in har mutum ya ƙuduri yin laɓe, to ya daure ya tsaya har ya ji wadda ake magana a kanta ƙafa nawa gare ta.